Darasi na 7: Turaren lemun garehul, ƙamshinsa da daɗewarsa a jiki

Ƴan uwa masu karatu, sannunku da ƙoƙari. Darasin yau a kan turaren fesawa ne, wanda ake yi da garehul, babban lemun nan mai ɗan ɗaci-ɗaci. A jikin kwali za ku ga an rubuta Pamplemousse, ko kuma Grapefruit in kayan ta Najeriya suka shigo. Kukan da aka fi ji a kasuwar Tawa shi ne "na fesa da safe, kafin azahar ya gudu, wallahi jabu aka saida mini". Wani lokaci jabun ne kam, amma sau da yawa mai shago bai cuci kowa ba, halin turaren lemu ke nan, kuma wanda ya iya karanta kwali zai san haka tun bai zaro kuɗinsa ba.

Karanta kwali tukuna

Turaren fesawa man ƙamshi ne aka narka cikin alkol da ɗan ruwa, yawan man shi ke bambanta su. Ku duba ƙasan sunan turaren akwai ƙananan baƙaƙe. In kun ga Eau de Cologne, man da ke ciki kamar kashi 2 zuwa 5 ne cikin 100, shi ne mafi tsinkewa, awa biyu ko uku ya yi sallama. Eau de Toilette yana da kamar kashi 5 zuwa 15, Eau de Parfum kuwa wajen 15 zuwa 20, shi ya sa ya fi tsada kuma ya fi zama. A rubuta waɗannan ukun a allo, kowa ya kwafa, don su ne za ku riƙa cin karo da su.

Shi kolon ɗin, wato Eau de Cologne, a birnin Kolon na Jamus aka fara shi a 1709, wani ɗan asalin Italiya mai suna Johann Maria Farina ya haɗa shi da man lemuka iri-iri, tun asali don wartsakewa aka yi shi, a shafa a ji sanyi, in ya tafi a ƙara. Garehul kuma a tsibirin Barbados aka fara ganinsa cikin ƙarni na 18, auren lemun zaƙi ne da wani ƙaton lemu na Asiya.

Mi ya sa yake saurin tashi

Ku tuna in an ɓare lemu a ɗaki, nan take kowa ya ji, amma kafin a gama sha ƙamshin ya ɓace. Man ɓawon garehul kusan kashi 90 cikin 100 nasa wani sinadari ne da ake kira limonen, marar nauyi ne ƙwarai, iska na taɓa shi ya bi ta. To ga mu a Adar, watan Afirilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, ga gumi, ga mutum bisa kabu-kabu iska na dukansa ta ko'ina, abin da Bature zai yi awa uku da shi cikin sanyin ƙasarsu mu nan wata rana ko awa ɗaya ba ya kaiwa. Lokacin hunturu ma ba a tsira ba, fata ta bushe ta yi furu-furu, busasshiyar fata kuwa ba ta riƙe turare.

Turare hawa uku gare shi. Na sama shi hanci ke fara ji, nan garehul yake, minti 15 zuwa 30 ya ja baya. Sai na tsakiya, yawanci fure ko kayan yaji. Sai na ƙasa mai nauyi, irin su sandal, almiski, ambar da saiwar jema wadda za ku ga an rubuta Vétiver, wannan shi ke kwana a riga. Iyayenmu mata masu haɗa humra da turaren wuta sun san wannan tun da daɗewa, shi ya sa humra ke wuni a zane, duk kayan nauyi ne a ciki. Saboda haka kolon na garehul da aka sa ma jema ko itace a ƙasa ya fi wanda yake lemu zalla zama nesa ba kusa ba, ni dai in zan saya shi nake nema.

Akwai kuma wani abu da ba kowa ke faɗa ba. Cikin ƙamshin garehul akwai ɗan sinadari mai alaƙa da farar wuta, kaɗan ne ainun amma shi ke ba shi kaifin nan mai daɗi. A jikin wasu in ya gamu da gumi sai ya juye ya koma tsami-tsami kamar an kwana ba a yi wanka ba, alhali a jikin wani lafiya lau. Don haka kar ka saya don ka ji shi a jikin abokinka.

Yadda ake gwadawa a shago

Kar a shinshina murfi, kar a yarda da fesawa a iska. Ki ce "Alhaji, ɗan fesa mini nan a wuyan hannu, bari in kewaya in sayo cefane in dawo". Zai ce "haba Hajiya, wannan ai sai kin wanke da sabulu", ki yi dariya ki tafi abinki. Bayan rabin awa ki sake shinshinawa, abin da ya rage a hannun shi za ki saya, na farkon nan talla ne. Kuma kar a gwada fiye da biyu ko uku a tashi ɗaya, hanci na gajiya. Gajiyar hancin nan ma ita ke sa mai turare ya daina jin nasa alhali na kusa da shi na ji, sai ya yi ta ƙarawa har ya hana mutane numfashi a sahu, gara ka tambayi wani a gida.

Yadda za a ja masa rai

A fesa bayan wanka, a fara shafa ɗan basilin ko man kaɗe marar wari a wurin, maiƙo na riƙe ƙamshi. Kar a murza hannu da hannu, a bar shi ya bushe da kansa. Tufafi sun fi fata riƙewa, amma farar shadda a gwada daga ciki tukuna don wani na barin tabo. In wuni za a yi a waje a zuba kaɗan a ƙaramar kwalba a sa aljihu, bayan azahar a ƙara.

Ajiya kuma a bar shi cikin kwalinsa, a ƙasan akwati ko kabad inda rana ba ta kai, ba bakin taga ba, ba cikin mota ba, don turaren lemu ya fi kowane saurin lalacewa, in ya yi duhu ko ya fara warin tsami to ya tashi aiki. Alkol na kama wuta, kar a fesa kusa da kasko ko murhun gas, a kuma ɗauke shi daga inda yara ke kaiwa. Zancen salla da turare mai alkol malamai sun saɓa, mai shakka ya tambayi malaminsa, ko ya riƙe na mai don Juma'a.

Aikin gida

1. Nemo kwalin turare a gida, ka kwafo abin da aka rubuta ƙasan sunansa. Cikin ukun nan wanne ne?
2. Fesawa ɗaya tana cin kamar mililita 0,1. Kwalba mai mililita 100, in kana fesawa sau 10 kullum, kwana nawa za ta yi maka?
3. Fesa a hannu ɗaya da ka shafa ma basilin, da ɗayan da ba ka shafa ba. Rubuta ƙarfe nawa ka fesa, da ƙarfe nawa kowanne ya ɓace, ka zo aji da takardar.