Kafin ka tambayi ɗan Afganistan labarin yaƙi

Shekara uku na yi ina karatu a birnin Peshawar na Pakistan, biyu daga ciki ɗaki ɗaya muke kwana da wani ɗan Afganistan da iyayensa suka gudo daga lardin Logar. Tun a makon farko na yi kuskuren da nake so in raba ka da shi. Muna shan shayi sai na shiga yaba musu, ina cewa su jarumai ne tunda sun kori Rasha. Bai yi fushi ba. Ya ajiye kofi ya ce mini Rasha kam ta tafi, amma ƙauyensu bai dawo ba. Daga nan ya yi shiru, aka kwashe watanni bai sake ɗauko maganar gida ba.

Idan Allah ya haɗa ka da ɗaya daga cikinsu, a makaranta ne, a wurin aiki ko a aikin Hajji, fara da sanin cewa yaƙinsu ba guda ɗaya ba ne. A 1978 'yan kwaminis suka yi juyin mulki a Kabul. A Disamban 1979 sojojin Tarayyar Sobiyet, wato Rasha da ƙasashen da ke haɗe da ita a lokacin, suka shigo, ba su fita ba sai Fabrairun 1989. Da gwamnatin Najibullah, wadda Sobiyet ta bari a kan mulki, ta faɗi a 1992, ƙungiyoyin mujahidai suka juya bindigogi a kan junansu, rokoki suka rusa unguwannin Kabul. Taliban ta karɓi birnin a 1996, Amurka da ƙawayenta suka shigo a Oktoban 2001, Taliban ta dawo ranar 15 ga Agusta, 2021. Ba don ka ci jarrabawa na jero maka waɗannan shekaru ba. Kowane zango da waɗanda ya kashe, don haka mutumin da wani ke rataya hotonsa a bango, shi ne wanda dakarunsa suka harba rokar da ta faɗa gidan wani. Kada ka yabi kowane kwamanda, kada ka zagi kowane ɓangare, sai ka san wanda ke gabanka da abin da ya rasa.

Kada kuma ka tambaye shi ƙabilarsa kai tsaye. Akwai Pashtun, Tajik, Hazara, Uzbek, Turkmen da wasunsu, manyan harsunan kuma Pashto ne da Dari. A wurinmu tambayar asali hanyar buɗe hira ce, a wurinsu kuwa an sha tare hanya a yi wannan tambayar, amsar ta raba mutum da ransa. Mafi yawan Hazara 'yan Shi'a ne, kuma ba su manta kisan da aka yi musu a Mazar-i-Sharif a 1998 ba. Abin da na ga yana aiki shi ne ka tambayi garinsu da abin da ake nomawa a can. Ɗan Kandahar zai cika maka kunne da rumman, ɗan Herat da inabi. Kana kallo fuskarsa za ta saki, sauran bayanin kuma shi zai kawo maka da kansa.

Wajen salla ma akwai abin lura. Galibinsu 'yan mazhabar Hanafi ne, La'asar ɗinsu tana ɗan jinkiri a kan tamu, wutirinsu raka'a uku ne a haɗe. Ni da na tashi da sadlu, ranar da na fara sakin hannu a sahu an yi ta satar kallona, domin a saninsu 'yan Shi'a ne ke salla haka. Da na yi bayani a tsanake cewa mazhabar Imam Malik ce, magana ta ƙare. Ka yi bayanin ba tare da jayayya ba, kada kuma ka ɗauki kallon a matsayin raini.

Gaisuwa kuwa a nan za ka ji kamar kana gida. Suna ɗora hannun dama a ƙirji, su jero tambayoyin lafiya ɗaya bayan ɗaya, kuma gajarta gaisuwa rashin ladabi ne. Masu Dari suna cewa "manda nabashi", wato kada ka gaji, a amsa da "zinda bashi", ranka ya daɗe ke nan. Koyi waɗannan biyun kawai ka ga yadda za a karɓe ka. Dattijo za ka ji ana ce masa "kaka", amma a wurinsu baffa ake nufi, su kan kuma liƙa "jan" a bayan sunan wanda suke ƙauna. Namiji ba ya tambayar namiji matarsa ko 'yarsa da suna, sai dai ya ce yaya mutanen gida. Hoton iyali kuwa kada ma ka ɗaga waya sai an ce ka ɗauka.

Baƙunci a wurinsu al'amari ne na mutunci, Pashtun suna kiransa "melmastia". Na ga gidan 'yan gudun hijira mai ɗaki ɗaya inda aka shimfiɗa mini tabarmar abinci a ƙasa, aka kawo shinkafa da karas da busasshen inabi da nama, alhali na san yaran sun yi kwanaki ba su ga nama ba. Ka ci, ka yaba, kada ka kuskura ka ciro kuɗi. Idan kai ne mai masauki, ka yi tayi sau biyu sau uku, domin ƙin farko kara ce kawai. Idan kuma taimako kake so ka yi, ka lulluɓe shi. Aika kwanon abinci irin na maƙwabtaka, ba shi aiki ka biya, ko ka ce rance ne. Wanda yaƙi ya raba da gona da gida, mutuncinsa ne ya rage masa, sadakar da aka miƙa a gaban jama'a kuwa tana taɓa shi.

Wasu abubuwan za su ba ka mamaki in ba ka san tushensu ba. Za ka ga da yawa takardunsu sun nuna an haife su ranar 1 ga Janairu, saboda an haife su lokacin da babu mai rubuta haihuwa, kalandarsu ma ta Hijira ce mai bin rana. Abokin ɗakina ba ya taka ciyawar da babu sawun mutane a kanta, domin a inda ya fito nakiyoyin da aka binne tun zamanin Sobiyet suna ci gaba da cire ƙafafun makiyaya da yara. Ƙarar ƙofa in ta bugu da ƙarfi tana tashinsa zumbur. Kada ka yi dariya, kada ka nemi dalili a gaban mutane.

Tambayar "yaushe za ku koma gida?" ka bar ta a cikinka. Miliyoyi ne suka tsallaka Pakistan da Iran, da yawa a can aka haife su har suka haifa. Da Pakistan ta fara korar marasa takardu a ƙarshen 2023, akwai waɗanda aka tura ƙasar da ba su taɓa gani ba. Haka batun karatun mata. Tun 2021 aka rufe wa 'yan mata makarantar gaba da aji shida, a Disamban 2022 aka ƙara da jami'a. Kada ka ɗauka mai rawani da gemu ya yarda da hakan, na san iyaye maza masu addini da wannan abu ke hana barci.

Ranar da zai buɗe baki za ta zo in ka yi haƙuri. Nawa abokin sai a wata na bakwai, cikin dare bayan an ɗauke wuta, ya ba ni labarin ƙanensa da ya fita kiwo bai dawo ba. In taka ranar ta zo, ajiye waya, kada ka katse shi, kada ka kawo labarin wani rikicin don gwadawa, kada ka nemi ƙarin bayanin da bai bayar ba. Idan ya gama, ka ɗaga hannu ku yi wa mamacin fatiha, domin su ma da wannan sunan suke kiran zaman makoki. Sannan ka tashi ka ɗora ruwan shayi, koren shayi suka fi so.