Yadda za ka haɗa jakar ko-ta-kwana kafin damina ta kankama

Mazauna bakin kwari a Gombe da ƙauyukan Dadin Kowa sun san ambaliya ba ta sallama.

Da farko, nemi jakar goyo mai ƙwari. Sa takardun gida, katin NIN da 'yan kuɗi a leda, ka ƙulle bakinta tam.

Sai ruwa, wanda shi ne ya fi komai nauyi: lita 1 kilo 1 ce. Ɗauki lita 2 kawai. Ƙara garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, tocila, ashana, tufafi, fakitin ORS (garin gishiri da sukari na masu gudawa) da maganin da kake sha kullum.

Jera masu nauyin ta gefen da zai jingina da bayanka. Goya ta, ka zaga unguwa. In kafaɗa ta yi tsami, rage tufafi, amma kada ka cire magani.

Rataye ta kusa da ƙofa.