Yadda ake gano inda launin bidiyo ya lalace kafin a ɗora wa manhaja laifi

Yaran da ke koyon tace bidiyo a shagunan Agege da Idi-Araba a Legas kusan kuka ɗaya suke zuwa da shi. An ɗauko bikin mutane, an zuba a manhajar tace bidiyo, DaVinci Resolve ko Premiere Pro, sai ga farar shaddar ango ta ƙone har ba a ganin aikin wuyanta, fuskar amarya kuma ta yi ja kamar an shafa mata manja. Nan take su hau murɗa launi, su yi ta lafta LUT, wato fayil ɗin shiryayyen launi da ake ɗora wa hoto, da suka kwaso a intanet. In abin ya ƙi, sai a ce manhaja ce, a hau mota zuwa kasuwar kwamfuta ta Computer Village a biya kuɗi a sake zuba wata. Galibi lafiyar manhajar ƙalau, ba a dai gaya mata irin bidiyon da aka ba ta ba.

Mataki na farko, kada ka taɓa komai sai ka san da me aka ɗauki kowane fayil. Biki ɗaya yakan zo da na kyamara, da na jirgin ɗaukar hoto, da wanda ƙanwar amarya ta ɗauka a wajen kamu da iPhone ta nace sai an saka. Sauke manhajar MediaInfo mai nuna bayanan fayil, kyauta ce. Buɗe fayil ka duba abu uku: 8-bit ne ko 10-bit, an rubuta BT.709 (wato Rec.709) ne ko BT.2020 da HLG (alamar bidiyon HDR ke nan), sannan adadin hotunan da ke cikin daƙiƙa tsayayye ne ko mai hawa da sauka.

Mataki na biyu shi ne inda kowa ke faɗuwa. Tun daga iPhone 12 da ta fito a 2020, wayar takan ɗauki bidiyo a tsarin HDR in ba a kashe ba. Wannan tsari yana ɗauke da haske da faɗin launi fiye da Rec.709, wanda shi ne ma'aunin bidiyon yau da kullum kuma a kansa aikinka yake. Idan manhaja ta karanta wancan da ma'aunin wannan, hoton ko ya ƙone ko ya koɗe. Rage haske ba ya maganinsa, sai dai ka samu fuska mai toka-toka.

A Resolve, je shafin Color, ka ɗora Color Space Transform, mai juya launi daga wani ma'auni zuwa wani, a kan node, wato akwatin da ake yin gyaran launi a ciki. Ɓangaren shiga ka zaɓi Rec.2020 da Rec.2100 HLG, ɓangaren fita Rec.709 da Gamma 2.4. Za ka ga aikin wuyan shaddar nan ya dawo. A Premiere, danna fayil ɗin da maɓallin dama, ka shiga Modify, ka nemi wurin launi ka mayar da shi Rec.709. Haka ake yi wa bidiyon log, wanda yake fitowa dishi-dishi da gangan: na Sony ka gaya mata S-Gamut3.Cine da S-Log3 in da su aka ɗauka, na Canon ka ba ta nasa. LUT ɗin da aka yi don Sony ba ya zama a kan Canon, komai kyan da ya yi a tallar mai sayarwa.

Ka kula kada a juya launi sau biyu. Idan an sa aikin a DaVinci YRGB Color Managed, manhajar ta riga ta juya maka, kai kuma ka ƙara naka a kai, sai baƙi ya dunƙule, jan gyale ya fara zuba. Zaɓi hanya ɗaya. Ni dokata node, don ina ganin abin da na yi da idona. Kuma sai an gama wannan, an daidaita haske da fari, sannan a zo maganar ado. In kana da bakin magana da masu ɗauka, ka ce su kashe HDR Video a saitin kyamarar wayar tun daga gida, kowa ya huta.

Na uku, kada ka yarda da gilashin laftof ɗinka, musamman tokumbo, wato kwance, mai araha. Na sha ganin yaro yana gyara da Night light na Windows a kunne, allo ya yi ɗorawa, shi kuwa yana ta ƙara shuɗi. Buɗe Waveform, ma'aunin hasken hoto: a Resolve daga 0 yake zuwa 1023, farin kaya kada ya manne a sama. A Vectorscope, ma'aunin launi, kunna layin fata. Baƙa da fara duk a kusa da layin nan suke kwanciya, bambancinsu a haske ne. Uwar amarya za ta ce a ƙara wa 'yarta fari, wannan tsakaninku ne, amma ka ware fuskar ka yi, kada ka ɗaga hoton duka.

Sauran matsalolin ba su da wuya. Media Offline alhali fayil na nan? Resolve na kyauta a Windows ba ya buɗe 10-bit 4:2:2 na irin su Sony A7S III. Ko ka sayi Studio dala 295, ko ka juya fayil ɗin zuwa DNxHR da Shutter Encoder, sai dai zai cinye maka wuri. Hoto na tsinkewa, yi proxy, wato kwafi mara nauyi da ake aiki da shi. GPU Memory Full, sauke aikin daga 4K zuwa 1080. Baki da murya sun rabu a bidiyon waya, wuce da shi ta HandBrake ka zaɓi Constant Framerate. Fitilun ɗakin taro na ƙyaftawa kuwa daga wajen ɗauka ne: wutarmu 50Hz ce, a ɗauka a hoto 25 a daƙiƙa da shata (shutter) 1/50.

Wajen fitarwa, H.264 da Rec.709, ka bar Data Levels a Auto. Kunna Live Save da Project Backups saboda masu ɗauke wuta. In za ka tura wa mai biki ta WhatsApp, tura a matsayin Document, in ba haka ba za a matse shi launin ya farfashe, a kira ka da dare a ce aikinka ne.