Yadda ake shanya tsamiya da ɗura ta a buhu don kai wa Kano

Tsamiyar da ke yin kuɗi a kasuwar Dawanau ita ce ja, busasshiya, wadda ba yashi a jikinta. Wannan kuwa tun daga gindin bishiya ake nemansa. A Zamfara tsamiya na nuna ne da rani, bayan hunturu ya kankama. Alamar nunarta, ɓawon ya fashe da ɗan matsin yatsa, naman ya saki jikinsa. Wadda aka kaɗo ɗanya ba ta gyaruwa a shanya, sai dai ta yi fumfuna.

A shimfiɗa tampol kafin a kaɗa, domin da zarar ta taɓa ƙasa a fashe, yashi ya manne ke nan. A ɓare, a zare jijiyoyin, sannan a baza ta, kaurin bai wuce yatsu biyu ba. Kwana 3 zuwa 5 a rana, ana juyawa da hantsi da azahar, a kwashe kafin magariba saboda raɓa. Gwajin mai sauƙi ne: damƙi cikin hannu ka matse. In ta cure ta bar danƙo a tafinka, da saura.

Kada a ɗura ta da zafin rana a jikinta. Ta sha iska a inuwa tukuna, in ba haka ba buhun zai yi gumi daga ciki, tsakiyar ta yi baƙi. Babban maƙiyinta ƙwaron da ke cikin ƙwallon ne, sai ka buɗe buhu bayan wata 2 ka tarar da gari da 'yan huda-huda. Maganinsa buhu mai leda biyu a ciki, irin na ajiyar wake: a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Feshin maganin ƙwari kuwa ko kusa, abin da za a dama kunu da shi ne. Irin wannan ganganci ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015.

A sito, buhu ya hau katako, kada ya jingina da bango, kuma kada jeri ya haura 5, na ƙasa zai dunƙule. Ranar lodi daga Gusau ko Talatar Mafara, a duba motar: wadda ta ɗauko taki ko kananzir a ƙyale ta, tsamiya na kama wari. A rubuta alama da nauyi a kowane buhu, a kuma gama maganar la'ada da dillali a waya kafin mota ta tashi.