Kafin ka sa hannu a takardar aikin jami'ar Kirista a Amurka

'Yan'uwa da suka kammala digirin digirgir a Amurka sukan aika takardar neman aikin koyarwa duk inda suka ga gurbi, alhali jami'o'in Kirista ba iri ɗaya ba ne. Manyan na Katolika, irin su Georgetown da Notre Dame, suna ɗaukar Musulmi su koyar, Georgetown ma tana da limamin Musulmi tun 1999. Wasu kuwa ba za su ba ka aji ba sai ka sa hannu a takardar shaidar bangaskiyarsu, kuma doka ta ba su wannan damar. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta hana nuna bambancin addini wajen ɗaukar ma'aikata, amma ta keɓe cibiyoyin addini.

Kada ka ɗauki wannan sa hannu a matsayin cika ƙa'ida kawai. A Kwalejin Wheaton da ke jihar Illinois, duk shekara malamai ke sabunta shi. A Disamba 2015, Farfesa Larycia Hawkins, wadda Kirista ce, ta sa hijabi don nuna zumunci ga Musulmi, ta kuma rubuta a Facebook cewa Musulmi da Kirista Allah ɗaya suke bauta wa. Kwalejin ta dakatar da ita, ta ce saboda maganar ne ba hijabin ba, kuma a Fabrairu 2016 suka rabu, duk da cewa an riga an tabbatar mata da aikin dindindin.

Kai ma ɗan'uwa Kirista, kasancewarka ɗan ECWA ko COCIN ba lallai ya wadatar ba. Jami'ar Calvin a Michigan tana neman malamanta su amince da takardun aƙida uku na ɗariƙarta, ciki har da Katekizim na Heidelberg. Karanta su a natse, ka tambayi kanka ko ka yarda da kowane layi.

Ƙa'idojin sukan bi ka har gida. A Jami'ar Brigham Young (BYU) ta Cocin Mormon da ke Utah an hana giya da taba, har da shayi da kofi, gemu ma sai da izini.

Ga kuma nauyin aiki. A ƙananan kwalejoji darasi huɗu a zango ba abin mamaki ba ne, ga halartar sujada, ga kula da ɗalibai. Wasu kuma kafin su tabbatar da kai, wajen shekara ta shida, sai ka rubuta maƙala kan yadda bangaskiya ta shiga fanninka, ko da lissafi kake koyarwa.

Abin da ya sa na nace shi ne biza. Idan da bizar aiki ta H-1B kake, zamanka a ƙasar na rataye da aikin, ranar da ya ƙare kuma ba ka da fiye da kwana 60 ka sami wani ko ka tattara iyali. Don haka ka nemi kundin ƙa'idojin malamai tun kafin ganawar ɗaukar aiki. Idan kai Musulmi ne a inda ake ɗaukar Musulmi, ka yi wa shugaban sashe maganar sallar Juma'a kafin a fitar da jadawalin darussa.