Yadda Ake Mayar da Miƙaƙƙen Jerin Lambobi Zuwa Jeri Mai Hawa Uku a Python

Da farko, a ƙidaya lambobin da ke cikin jerin, a tabbatar sun dace da siffar da ake so: lambobi 24 za su shiga siffar 2 × 3 × 4 daidai.

Daga nan a binciki yadda aka shimfiɗa bayanan tun asali, domin a nan aka fi yin tuntuɓe. NumPy, wato kunshin kayan aikin lissafi na Python, yana cika gurabe layi bayan layi ne muddin ba a umarce shi da wani tsari ba, alhali harsunan kwamfuta na Fortran da MATLAB suna bi daga sama zuwa ƙasa, don haka bayanan da suka fito daga can suna buƙatar a ƙara order='F' a cikin umarnin reshape da ke sauya siffar jerin.

Sai a rubuta np.array(jeri).reshape(2, 3, 4), inda np ke nufin NumPy, sannan a duba gurbin [1, 0, 0], wanda a tsarin layi dole ya ɗauki lamba ta 13, domin ƙidayar gurabe tana farawa ne daga 0.