Yadda nake gwada wuƙar gwanjo kafin in biya

Shekara 12 ina fawa a Bauchi, kuma rabin wuƙaƙena na gwanjo ne. Duk gabatowar Babbar Sallah sai na ga cacar baki a kasuwa: mai saye ya dawo da wuƙa yana cewa ba ta ci, mai sayarwa ya rantse cewa da kaifinta ya ba shi. Abin yana damuna, don tun a rumfa ake iya raba gardamar.

Nakan juya bakin wuƙar sama, in fuskanci rana. Baki mai kaifi ba ya ƙyalli. Duk inda ka ga ɗan haske, nan ta dakushe ko ta yi giɓi. Sai launi. In gefen bakin ya yi shuɗi-shuɗi, an ƙona ta a injin wasawa, ƙarfen ya yi laushi. Irin wannan ce uwar rigima: za ta tsaga takarda a gaban mai ita, ka je gida ka yanka nama kaɗan ta mutu. Ko kyauta ce ba na ɗauka.

Kada ka gwada da yatsa. Sayi nunannen tumatir ɗaya, ɗora wuƙar ka ja ba dannawa. In ta zame a kan ɓawon, a rage maka kuɗin wasawa. Girgiza ƙotar ma, ka ji ko tana motsi.

Kafin in miƙa kuɗi nakan ce, "Alhaji, in ta dakushe kafin gobe zan iya dawo da ita?" A gaban maƙwabcin rumfarsa nake tambaya, ya zama shaida.